Baƙon Inna Saude

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara ne hedkwatar ikilisiya da ke Jos ta tuna cewa tana da fasto ɗan asalin jihar. Kafin nan ba wanda ya taɓa damuwa da asalin Fasto Markus Mamuda, har shi kansa. To amma faston Gummi ya nemi a ɗauke shi saboda hawan jinin da ya same shi farat ɗaya, waɗanda aka tuntuɓa bayansa kuma kowa ya ce yana bukatar ya ƙara yin addu'a a kan maganar. Sai wani a cikin kwamiti ya ce ai Markus ɗan gida ne. Aka kira shi, aka yi masa addu'a mai tsawo, aka ba shi babur.

Aikinsa a Jos koyarwa ne a makarantar Littafi Mai Tsarki. Ban da ɗalibai 'yan ƙasa, shi ake tura wa sababbin 'yan mishan da suka sauko daga jirgi, ya koya musu zama da Hausawa da Fulani. Kada a miƙa abu da hagu. A tuɓe takalmi a bakin zaure. In an yi maka tayin abinci kada ka zura hannu a tayin farko. Darasin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne na kunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi, kakarsa ko gwaggonsa ke riƙonsa. Turawan sukan rubuta da sauri, su ɗago kai su ce abin ban mamaki. Shi kuma ya yi murmushin wanda ya san abu.

Tarihin bishara a ƙasar da aka tura shi ba mai tsawo ba ne. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan'uwansu 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakuna, don kada a ɓata musu zaman haraji. Daga baya aka yarda su shigo in za su yi magani. Haka bishara ta iso yammacin Zamfara a cikin kwalba. A Tungar Rimi, wani ɗan ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum, wata Baturiya ta kafa ɗakin shan magani, mutane suka sa mata suna Mai Allura. Kowace safiya, kafin ta buɗe kwalabe, sai ta karanta aya ta yi bayani da Hausarta mai lanƙwasa. Jama'a su saurara da irin haƙurin da ake bin layi da shi, su ce Allah ya saka da alheri, su karɓi maganinsu, su tafi su yi azahar. Ta warkar da gyambo da ciwon ido da saran maciji ba iyaka, ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen. Lokacin da gwamnati ta karɓe asibitocin mishan Baturiyar ta koma ƙasarsu da furfura, ribar da ta samu wa ikilisiya kuwa jaki ɗaya zai iya ɗauka. Markus ne babba a cikin ribar.

Abin da ya sani game da kansa kaɗan ne, amma ya ishe shi. Yana yaro ƙarami, sunansa Mamuda, aka kawo shi daga wata ruga da gyambo a ƙwauri. Ya yi watanni a wurin Mai Allura. Ƙafa ta warke, ba wanda ya zo ya ce a ba shi yaro. Akwai wata mace da takan zo ranar kasuwa da man shanu a ƙwarya, ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta ko duban inda yake. Wata rana Mai Allura ta sa tafinta ya tambaye ta, gaban masu jiran magani, ko tana son ta tafi da ɗanta. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta tafi. Mai Allura ta yi kuka, ta rungume shi, ba a daɗe ba ta sa shi a motar mishan zuwa makaranta can ƙasar duwatsu, inda aka yi masa baftisma aka ƙara masa Markus.

Wannan labari shi ne shaidarsa. Ya ba da shi a majami'u da tarurruka tun yana saurayi: uwa ta yar da shi, Ubangiji ya tsince shi. Mata sukan share hawaye da bakin ɗankwali. Ranar Talata ya koyar da kunyar ɗan fari, ranar Lahadi ya ba da shaida, bai taɓa haɗa biyun wuri ɗaya ba. Mutum yakan ajiye abu biyu a kai guda shekara da shekaru ba su ko gaisa ba.

Gummi ba ta cinye shi ba kamar yadda aka yi tsammani a Jos. 'Yan majami'arsa Inyamurai ne masu sayar da kayan babur, da 'yan sanda, da Dakarkari daga wajen Zuru. Maƙwabta suna gaishe shi, suka aiko masa da naman layya, ba wanda ya tambaye shi komai. Matarsa Rifkatu ta zauna a Jos da yara, sai an ga yadda abubuwa suka daidaita. Lokaci ya yi masa yawa. Wata Litinin ya hau babur ya nufi Tungar Rimi. Ɗakin shan maganin yana nan, babu rufi, awaki suna kwance inda ake bin layi. Wani tsoho da ya taɓa yi wa Mai Allura ɗiban ruwa ya ƙura masa ido, ya ce in dai yaron nan ne mai gyambo, to danginsa suna wajen Adabka, ya je kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa ya nemi Dabo.

Ya sami Dabo yana cinikin ɗan maraƙi, mutum ne dogo, siriri, da malfa da sanda a wuya. Markus ya ga hancinsa da goshinsa a fuskar wani. Ya yi sallama, ya fara bayanin da ya tsara tun daga Gummi. Dabo bai bari ya gama ba, ya ce ya ɗaga ƙafar wando. Ya duƙa ya dubi tabon, ya daɗe.

"Hamma," in ji shi, kiran da Fulani ke yi wa babban wa. Sannan ya juya ya ƙarasa cinikin maraƙinsa, don mai sayen ya fara ja da baya.

Da suka zauna a inuwa Dabo ya yi ta dariyar Hausarsa, ya ce kamar an kunna rediyo. Ya ce shi bai san wansa ba, yana ciki aka tafi da shi, amma tun yana yaro an gaya masa wace ƙafa ce.

"An ce ka zama limamin Nasara."

"Fasto ake cewa."

"To, liman dai. Gidanmu ba a taɓa yin liman ba. Ko na Nasara na, an samu."

Markus ya tambaya ko uwarsu tana da rai. Dabo ya ce Inna Saude tana nan, ido ya ɗan yi rauni, baki kuwa lafiya lau.

Ya koma mako na gaba da sukari da sabulu da turmin atamfa. Ya zo kuma da gafara, wadda ya daɗe da tanada, ya goge ta ya ninke kamar atamfar. Abin da yake so a ba shi a madadi ba shi da yawa a ganinsa. So yake ta dube shi, ta kira sunansa. Mamuda, ba Markus ba, bai kai ga neman wannan ba. Sau ɗaya ma ya isa.

Rugar tana bayan gari, bukkoki kaɗan da gona da garke. Sun tarar da Inna Saude a gindin wata ƙirya tana tsince tsakuwa daga gero, 'yar tsohuwa ƙarama, fara, hannuwanta duk jijiya. Dabo ya durƙusa ya yi mata magana da Fulatanci, harshen da Markus ya manta tun kafin ya yi wayo. Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya masa baya.

Markus ya tsaya da atamfa a hannu. Ya ga wannan juyawar a da, kuma ba abin da ya canja a cikinta sai ƙashin bayan da ya tanƙware.

Aka shimfiɗa masa tabarma nesa kaɗan. Can sai ya ji muryarta, da Hausa wannan karon, tana yi wa Tasalla matar Dabo magana.

"A tambayi baƙon, ƙahwar ta warke?"

Tasalla ta tako har gabansa, ta durƙusa, ta maimaita tambayar kamar bai ji ba. Ya ce ta warke. Tasalla ta koma ta isar. Tsohuwar ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar geronta. Aka kawo masa fura da nono a sabuwar ƙwarya, da man shanun da ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

A hanyar komawa Gummi ne abin ya faɗo masa. Ya tsayar da babur a gefen wata gonar dawa, ya zauna a kan sirdi injin yana aiki. Darasin Talata ya tako ya gaishe da shaidar Lahadi, bayan shekarun nan duka. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi masa daɗi ba.

Sauran labarin Dabo ne ya ba shi, guntu-guntu, a bakin garke, a zuwan da ya riƙa yi bayan haka. Kakarsu ce take riƙon Mamuda, kamar yadda aka saba. A ranin da yake kwance wurin Mai Allura kakar ta rasu, ubansu ya bi ta ba da jimawa ba. Baffanninsu, waɗanda su ya kamata su je su ce a ba su yaronsu, sun yi kudu da shanu, kowa yana zaton wani ya je. Aka bar Saude, yarinya mai takaba da ciki. Ita ce za ta buɗe baki gaban jama'a, har da dangin mijinta a cikin layin, ta ce e, ɗana ne, ina son abina? Dabo ya ce da ta faɗi haka, da har yau ana ba da labarinta a rugage. Ta ɗauka Baturiyar za ta gane, ta aiko da shi hannun wani. Da ta ji an tafi da shi ba ta tambayi ina ba, ita ma tambayar ba ta halatta gare ta ba. Sai ta ci gaba da kai man shanu, tana zaton ana aika masa. Ta yi ta kaiwa har Baturiyar ta bar ƙasar.

Markus ya tuna cewa duk lokacin da Mai Allura ta ziyarce shi a makaranta takan yaba kirkin mutanen Tungar Rimi, musamman wata mata da ba ta bari burodinta ya bushe.

Dabo ya nuna masa wasu shanu a gefen garken, jajaye masu dogon ƙaho. Ya ce jikokin karsanar da aka ba Mamuda ranar sunansa ne. Inna ba ta taɓa yarda a sayar da ko ɗaya ba sai don ciwo ko tsufa, ko shekarar da annoba ta share garkunan mutane suka rasa na hatsi. Ba ta ce shanun wane ba ne. Takan ce shanun wancan, kowa kuma ya san wancan.

Markus ya fahimci komai. Da za a tara masa Turawa a lokacin, da ya ba su darasin da bai taɓa ba da irinsa ba. Sai dai fahimta ba ta cika masa ciki ba. Mutanen da suka rene shi masu faɗin abu ne da baki. A wurinsu ƙauna sai an furta ta, zunubi sai an ambace shi, wanda ya ba da gaskiya sai ya miƙe tsaye gaban taro ya ce ya bayar. An ba shi shanu, an ba shi man shanun shekaru, amma shi kalma aka koya masa jira. Ya riƙa lissafawa a ransa cewa kowace doka tana da rangwame, kuma wanda ya yi shekara hamsin a waje ya cancanci nasa.

Duk ranin nan ya yi ta zuwa. Abubuwa suka ɗan motsa, in mutum yana da idon gani. Ta daina ba shi baya, ta koma ba shi gefe. Tabarmarsa ta riƙa matsowa, ba wanda ya ga mai matso da ita. Ta bakin Tasalla ta tambayi ko baƙon yana da iyali, ɗiya nawa, su wa da wa. Sunayen jikoki ba kunya a kansu, sai ta yi ta juya su a baki tana dariya. Na babban, Istifanus, ya gagare ta. Ta ce a gaya wa baƙon wanga mijin nata sunansa kamar atishawa, in ya zo za ta sake masa wani, kuma kada ya zo hannu wofi don ita ba ta auren matsiyaci. Markus ya ce in an yi hutu zai kawo su. Tasalla ta isar, ko da yake tsakaninsa da tsohuwar bai fi tsawon sanda ba.

Dabo ya ce masa ya gode wa Allah, shi bai taɓa ganin Inna ta sake haka ba. Markus ya ce ya gode. Bai gode ba.

Gab da faɗuwar ruwa aka yi suna a rugar. Babban ɗan Dabo ne aka yi wa haihuwar fari. Aka yanka bijimi, dangi suka zo daga Bukkuyum da Zugu da rugagen gefen gulbi, har da surukai. Aka zaunar da Markus cikin dattawa, aka ba shi kason nama na babban wa, wani malami ya gaishe shi da ladabin da ake yi wa mai ciwon da ba a ambata. Daga inda yake yana hango wajen mata. Ya ga mai jegon, yarinya ƙarama, ta rufe fuska ta kau da kai, jaririn yana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa yana ɗauka ban da ita. Jaririn ya yi kuka, kafaɗarta ta motsa, ba ta juyo ba.

Shi kansa bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ratsa fili, ya shiga cikin mata da takalmansa, ya durƙusa gaban Inna Saude, ya kama hannunta. Ya yi magana da muryar da yake cika majami'a da ita ba tare da lasifika ba.

"Inna, ni ne Mamuda, ɗanki na fari. Na yafe miki. Ki kira sunana."

A Jos, nan ne ake fara waƙa. A nan kuwa ludayi ya tsaya a cikin ƙwarya. Wata yarinya ta ƙyalƙyale, aka make ta. Surukai suka sunkuyar da kai suna duban ƙasa kamar sun yar da allura. Tsohuwar ta zare hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ba ta yarda kowa ya taimake ta ba, ta shiga bukkarta ta ja asabari.

Kiran Inna da kama hannu da ambaton sunan, duk ana iya cewa aikin baƙo ne. Yafewar ce ba ta da magani. Ya tsaya gaban dangi da surukai ya shelanta cewa akwai laifi, kuma nata ne.

Dabo ya raka shi har wurin babur. Sai da Markus ya ɗora ƙafa zai tayar, sannan ya yi magana, a hankali, yana kallon ƙahon babur ɗin.

"Hamma, ita Baturiyar ba ta sani ba. Kai an ce koyar da shi kake."

Da ya koma mako na gaba tsohuwar ba ta nan. Tasalla ta ce ta tafi wajen Zugu gidan 'yarta Uwani, wadda ta haifa a aurenta na biyu, duba jika mara lafiya. Ya tambayi wane jikan. Tasalla ta ce za ta kawo masa fura.

Damina ta sauka, hanyoyi suka lalace, ya sami uzurin da yake nema. Hutu ya zo ya wuce bai ce a kawo yara ba. Ya yi wa'azinsa, ya ɗaura auren wani ɗan sanda, ya sasanta masu kayan babur biyu da suka yi faɗa a kan shago. Sauran lokacin yana zaune a baranda yana sake gina ranar sunan, yana zama cikin dattawa bai tashi ba. Ya yanke wa kansa hukunci cewa in Allah ya sake haɗa su, zai zama ɗan farin da ba a taɓa gani ba. Ba zai kira ta ba, ba zai dube ta ba, ba zai taka inda ba a taka ba. Markus mutum ne mai riƙe darasi da kyau, in ya riga ya faɗi jarrabawar.

Da kaka, ana cikin yankan gero, aka ce masa wani Bafulatani yana sallama. Dabo ne, tsaye a wajen shingen majami'a, ya ƙi matsowa ko taku ɗaya. Ya ce jikin Inna ya yi nauyi, Uwani ta aiko. Suka hau babur su biyu, sandar Dabo tana bugun bayan Markus a kowane rami.

Sun isa bayan azahar. Dabo ya sauka ya wuce ciki kai tsaye. Markus ya tsaya a bakin dangar kara, ya tuɓe takalmansa ya jera su, ya zauna a ƙasa, ya ba bukkar baya. Ya ji daɗin yadda ya yi abin, har ya so a ce wani ya lura.

Wata mace ta fito, mai kama da tsohuwar a baki da haɓa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ce Uwani, ƙanwarsa. Ta ce ya shigo. Ya ce a'a, nan ma ya isa, a dai gaishe da mai jikin, a tambaye ta yaya ƙarfin jiki. Uwani ta dube shi kamar ba ta gane Hausar ba, ta koma. Jim kaɗan ta sake fitowa.

"Hamma, ka shigo mana."

Ya san wannan. Kara ce, irin tayin da ake yi don a ƙi, shi ya koya wa Turawa. Ya ce ta bar shi a nan, ya san matsayinsa. Ta buɗe baki za ta ce wani abu, aka kira ta daga ciki, ta tafi da sauri. Ya zauna yana jiran a sake kira, don a wannan karon ya yi niyyar tashi, a hankali, kamar wanda aka tilasta. Kaji suka yi kiwo a gefensa. Inuwar danga ta tsallake ƙafafunsa. Wani ya yi kiran la'asar a gona, maza suka yi salla suka watse.

Ba a yi kururuwa ba, mutanen nan ba sa yi. Wani sauti ne ƙasa-ƙasa ya taso daga bukkar, kamar an rufe bakin tulu da hannu. Dabo ya fito yana salati, ya dafa kafaɗarsa ya wuce neman masu haƙa.

An rufe ta kafin rana ta faɗi. Da aka yi sahu za a sallace ta, Markus ya ja gefe ya tsaya kusa da babur ɗinsa. Ba wanda ya ce ya yi haka, ba kuma wanda ya ce kada ya yi. Amma da aka dawo daga maƙabarta, wurinsa maza suka fara nufa, ɗaya bayan ɗaya, suna ba shi hannu, don shi ne babba. Allah ya jiƙan Inna, Allah ya sa ta huta. Ya yi ta cewa amin, bai tsaya tunanin abin da kwamiti zai ce ba.

Da mutane suka ragu Uwani ta kawo masa ruwa. Idonta ya yi ja amma muryarta daidai take. Ta tambaye shi, ba da faɗa ba, abin da ya hana shi shiga. Ya ce ya ɗauka bai kamata ba. Ta ce ai in mutuwa ta zo ba sauran kunya, kowa shiga yake a yafi juna, ɗan fari ma shi ake fara nema. Ta ce ko yaran da ke bin maruƙa sun san wannan. Bai gaya mata cewa ba ya cikin abin da yake koyarwa ba. Wanda ya koya daga wurinsa, wani tsohon Bature, bai taɓa zama har ƙarshen jinyar kowa a ruga ba.

Ya tambaya ko ita Uwani ce ta ga ya dace ta kira shi.

"Ita tac ce a kira baƙon. Duk biyun ita ta."

Ya riƙe ƙwaryar ruwan bai sha ba. Ya tambayi abin da ta ce da aka gaya mata ya ƙi. Sannan, da yake ba shi da sauran abin da zai adana, ya tambaya ko ta ambaci sunan.

Uwani ta girgiza kai, kamar ya tambayi ko Inna ta taɓa hawa jirgi.

"Tac ce mi yaka yi a waje. Nac ce yana zaune ƙasa, ya tuɓe takalma, ya ba ɗaki baya. Sannan tac ce a bar shi. Tac ce ashe Nasara ba su cire mai kunya ba, ɗan Hillani na." Uwani ta goge ido da bayan hannu. "Har murmushi tay yi, Hamma. Rabon da in ga haƙoranta tun da ta zo garin ga."

Albishir ta kawo masa, ta tsaya tana jiran ya yi murna. Ya yi mata godiya. Sannan ya sunkuya yana neman takalmansa, ya daɗe yana nema, ko da yake suna nan gabansa inda ya jera su.